Furen da ke Ƙarƙashin Tagar Baba Direba

"Ajiye jakar nan," in ji Baba Direba, kumfar sabulu ta rufe masa rabin fuska. "Auta, da ke nake. Na ce ki ajiye."

Mai Aski ya janye askarsa da sauri, don idan tsohon yana faɗa maƙogwaronsa hawa da sauka yake yi. "Baba, ko dai ka yi shiru in gama, ko in bar ka da rabin gemu ka sha kallo. Zaɓi ɗaya."

Tsohon bai ko dube shi ba. Idonsa na kan 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke tsaye gaban kabad tana ninke masa riguna tana cusawa a jaka. Malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, kuma jiya-jiya ta dawo da shi daga asibiti. Likita bai ɓoye musu komai ba. Zuciyar ta gaji, abin da ya rage sai maganin da zai sauƙaƙa masa numfashi, da hutu, da mai kula da shi. Ita kuwa ta riga ta yanke shawara, gidanta za ta tafi da shi, ga babban asibiti kusa, ga jikokinsa.

"Baba, don Allah kada mu sake wannan maganar. A hannun wa zan bar ka a nan?"

"A hannun wa kika bar ni duk shekarun nan? Gidanki can sama yake a bene. In na leƙa taga me zan gani? Wayoyin lantarki da shanyar mutane."

"To a nan ɗin me kake gani?"

Ya ɗaga hannu ya nuna taga. Mai Aski bai juya ba, ya san abin da ake nunawa.

Tsakanin gidansa da na tsohon akwai wani siririn lungu, faɗinsa bai wuce mutum ya kwanta a gicciye ba. Rana ba ta shigarsa sai da hantsi, ta ɗan ratsa ganyen bishiyar mangwaro ta wuce abinta. Tankin ruwan gidajen biyu a can ƙurya yake, kullum cikin ɗiga, shi ya sa ƙasar wurin ba ta bushewa. A da ba abin da ke ciki sai taɓo da gansakuka da fasassun kwalabe, sauro kuwa sai ka ce nan ne garinsu. Shekarar da tsohon ya ajiye tuƙin babbar mota, bayan rasuwar matarsa, ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe da wani ɗan tsiro a gwangwanin man inji. Ya ce motarsa ce ta lalace a wani gari kan dutse, ya ga tsiron ya lulluɓe gindin wata katanga mai inuwa, ya roƙi matar gidan ta ciro masa. Sunan da ta faɗa masa ya zube a hanya, sai ya raɗa masa nasa: Mai Rarrafe.

Sunan kuwa ya dace. Ba ya miƙewa sama, ƙasa yake bi. Ganyensa kore shar, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma duk inda gaɓarsa ta taɓa danshi sai ta kafa saiwa ta ƙara gaba. Ba a sake shuka shi kowace shekara. In zafi ya yi yawa ya ɗan yi laushi, in iska ta sanyaya ya farfaɗo ya fitar da shuɗayen furanni, kowanne kamar maɓallin riga. Daga baya tsohon ya samo wani mai ƙananan fararen furanni, da wani mai ɗige-ɗige a ganye. A hankali taɓon ya ɓace, lungu ya koma kamar an shimfiɗa masa darduma. Mai Aski ya sha yi masa tsiya, wai mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsere da iska a titi, yau shi ne ke kiwon abin da hawainiya ma ta fi shi sauri.

Wuri ɗaya ne ya rage tsirara, daidai ƙarƙashin wannan taga, inda aka daɗe da tara ragowar bulo. An kwashe bulon, tsohon ya yi niyyar rufe wurin da shuka a bana, sai ciwo ya riga shi.

"Nan kawai ya rage mini," in ji shi, muryarsa ta sauka. "In rufe shi in huta."

Auta ta tsaya da riga a hannu. Mai Aski ya dubi fuskar da ya shekara da shekaru yana askewa, sai kawai ya ji bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ki bar mana shi. Ai katanga ce kawai tsakaninmu."

"Da wa ka yi shawara?"

Muryar daga lungu ta fito. Maman Tagwaye ce, matarsa, tana shanya a nasu gefen, duk abin da ake faɗi yana kunnenta.

"Kai da ko shayi ba ka iya dafawa ba," ta ci gaba, "kai ne za ka yi jinya? Auta, rabu da shi. Abinci da magani da wanki nawa ne. Shi a bar masa gemu da ciyawa."

"Ba ciyawa ba ce!" in ji tsohon, har kumfa na tsalle daga leɓensa.

Auta ta zauna a bakin gado, tana dariya tana share hawaye da rigar da ke hannunta. Da aka gama aski ta raka Mai Aski har ƙofa, ta ja ƙyauren ta rage murya.

"Yaya, na yarda, amma da sharaɗi. Ranar da ka ga ya canza, ka kira ni. Ko ya hana ka, ka kira ni. Ba na so in ji labari daga baya."

"Na yi miki alkawari."

Haka Mai Aski, mutumin da bai taɓa shuka ko albasa ba, ya zama ɗan lambu da girmansa da tumbinsa. Shagonsa a ɗakin gaba na gidansa yake, don haka kafin ya buɗe da safe sai ya shiga lungu da buhun da zai durƙusa a kai. Tsohon na kan kujera a bakin taga, an tokare masa baya da filo, yana ba da umarni kamar yana gyara wa wani fakin ɗin mota.

"Fara tsince dodon koɗi. Ɗaga ganyen, a ƙasa suke ɓuya. Su ne ke huda mini mai farin furen nan."

"Baba, wannan abu mai yauƙi zan taɓa da hannun da nake taɓa kawunan mutane?"

"Kawunan wasu ma ai sun fi shi ƙazanta. Tsince."

Wurin da za a rufe sai da aka kafce shi, don nauyin bulo ya danne ƙasar ta yi tauri. Tsohon ya sa shi ya kwaso ruɓaɓɓen ganye daga gindin mangwaro, baƙi mai ƙanshin ruwan sama, ya cuɗa da ƙasar. Ya sa shi ya ja 'yar hanyar ruwa daga tanki, ba mai zurfi ba.

"Danshi yake so, ba tafki ba. In ruwa ya kwanta masa saiwar ruɓewa take yi. Kuma kada in ƙara ganin ka zuba ruwan sabulun shagonka ta nan."

"To yaushe za mu dasa?"

"Ba yanzu ba. Bari ƙasar ta kwanta, gari ya yi lumshi. In ka raba shi cikin zafin nan, kashe shi za ka yi."

Aiki ɗaya ne Mai Aski ya burge shi a kai. Mai Rarrafe ya fara hawa kan mai fararen furanni yana neman shaƙe shi, tsohon ya ce a rage masa. Mai Aski ya ɗauko tsohon almakashinsa ya bi gefen ya daidaita shi tsaf, ya ja da baya ya karkata kai yana dubawa.

"Kai, ka yi masa gyaran fuska," in ji tsohon. "Saura ka nuna masa madubi."

Masu zuwa aski suka samu abin yi. Wani tela da ba ya raina abin tsokana ya dubi gwiwoyin wandonsa ya ce, "Maigida, noma aka koma ne? In kai ya yi tsawo yanzu sai mu zo da lauje?" Mai Aski ya danna masa kai ƙasa ya ce ya yi shiru kafin kunne ya bi gashi. Amma a ransa bai ji haushi ba. Ya lura cewa da safe, kafin ya buɗe ido sosai, tunanin lungun ne ke fara zuwa masa.

Da yamma, in ya rufe shago, sukan sha shayi tare. Maman Tagwaye ta kawo, ta tsaya har tsohon ya haɗiye magani, ta buɗe masa baki ta duba kamar yaro, sannan ta tafi. Wata rana suna zaune, inuwa ta cika lungu, iska mai sanyi na shigowa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Mai Aski ya yi ƙarfin hali.

"Baba, ba ka jin tsoro?"

Tsohon ya juya kofinsa a hannu. "Na me? Na ga gari, na ga daji, na ga teku. Na auri mace tagari, ta haƙura da ni. 'Ya'yana kowa na cin abincinsa. Da a ce dare ɗaya aka ɗauke ni a kan titi, da ko sallama ban yi da kowa ba. Yanzu kuwa ga ni a ɗakina, ana kawo mini shayi, ga ƙaton mutum yana tsince mini dodon koɗi." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Da ya lafa ya ce, "Ka san abin da ya sa nake son tsiron nan? Duk inda na je a mota, wucewa nake yi. Shi kuwa inda ya taɓa, nan yake zama."

Ba a daɗe ba abubuwa suka fara sauyawa, kuma Mai Aski ne ya fara gani, don aska ba ta ɓoye wa mai riƙe da ita komai. Kumatun sun zurma, fatar ta saki, sai ya ja ta da yatsa kafin askar ta bi. Ƙafafun sun kumbura har silifa ba ta shiga. Umarnin da ke fitowa ta taga ya gajarce, tsohon kan tsaya tsakiyar magana ya nemi numfashi. Ranar da Maman Tagwaye ta dawo da kwanon abinci yadda ta kai shi, Mai Aski ya tsaya a kan tsohon da tawul a kafaɗa.

"Baba, zan kira Auta."

"Ba za ka kira ta ba." Ya kama masa hannu, riƙon ba ƙarfi. "Ɗalibanta na jarrabawa. In ta zo kuka za ta yi, ta ce asibiti. Ka rufa mini asiri, maƙwabci."

Mai Aski ya koma shago. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya sake ɗauka. Tsohon bai taɓa roƙonsa komai da irin wannan murya ba. In ya kira, wataƙila a ɗauke shi a mota a kai shi inda ba ya so, ya ƙare a gadon ƙarfe yana kallon silin. In bai kira ba, da wane ido zai dubi Auta? Ranar har ya yi wa wani aski gefe ɗaya ya fi ɗaya, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Maman Tagwaye ta leƙo ta labule ta gan shi zaune a kujerar masu aski, waya a cinya.

"Me kake jira?"

"Ya ce kada in kira."

"Ita kuma ta ce ka kira, kuma ita ka fara yi wa alkawari. Fushinsa na yini ɗaya ne. Nata kuwa har ka mutu."

Ya kira. Da ya gama, bai ɓoye ba, ya zaga ya faɗa wa tsohon da bakinsa. Baba Direba ya juya fuska ga bango.

"Aski na ce ka riƙa yi mini. Ban ɗauke ka aikin kai rahoto ba."

Ranar ba a sha shayi ba. Washegari Mai Aski ya yi aikinsa a lungu shiru, tagar a rufe. Da azahar motar haya ta tsaya a ƙofa, Auta ta fito da 'yar jakarta. Yana shago yana sauraro, yana jiran a fara maganar asibiti. Bai ji ba. Abin da ya ji, can an jima, shi ne ƙarar buɗe taga, da muryar tsohon, siririya amma tasa ce.

"Kai, mai kai rahoto! Ka ce wa matarka ta ƙara hannu a girki, muna da baƙuwa."

Auta ta same shi daga baya ta ce ta yi waya da likita, kuma ta ga mahaifinta da idonta. "Ba inda zan kai shi, Yaya. Na ɗauki hutu. Nan zan zauna."

Kwanakin da suka biyo baya masu daɗi ne, duk da komai. Ta yanke masa farce, ta shafa masa mai a ƙafa, ta sa jikokinsa suka yi masa surutu a waya har ya gaji. 'Yan'uwanta suka zo suka gan shi suka koma. Yakan yi barci da yawa, in ya farka ya tambayi gari.

Rannan aka wayi gari da yayyafi, sama ta yi lumshi, ba rana ba iska. Mai Aski na ɗaura tawul zai buɗe shago sai Auta ta ƙwanƙwasa.

"Ya ce yau ne."

Bai buɗe shagon ba. Ya ɗauki buhunsa da tsohuwar wuƙa da kwano ya shiga lungu. An matso da gadon jikin taga, an ɗaga tsohon da filo yadda zai iya ganin ƙasa. Muryarsa ba ta kai waje, don haka Auta ta zauna kusa da bakinsa tana isar da saƙo.

"Ya ce ka je inda Mai Rarrafe ya fi cika, kusa da tanki. Ka ɗago shi da ƙasarsa."

Mai Aski ya cusa wuƙa ya ɗago wani dunƙule, saiwoyi farare sirara na reto.

"Ya ce ka raba da hannu, ba da wuƙa ba. Kowane kashi ya tafi da saiwarsa."

Ya rarraba ya jera a kwano, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya dawo ƙarƙashin taga ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya tona rami ya sa na farko.

"Ya ce ka cika zurfi. Wai dasawa aka ce ka yi, ba ɓoyewa ba."

Ya ɗago shi kaɗan.

"Ya ce ka ba su tazarar tafin hannu guda. Su za su haɗe da kansu."

"Ki ce masa in ya fi ni iyawa ya fito ya yi."

Ya ji dariyar Auta, ya ji wata 'yar shaƙaƙƙiyar dariya a bayan tata. "Ya ce da zai iya fitowa, da ko kwanon ba zai ba ka riƙo ba."

Haka suka ci gaba. Ya tona, ya sa, ya danna ƙasa da yatsu, ya kwantar da reshen ya ɗora masa ɗan dutse a gaɓa don ya kama. Ta taga kuwa gyara bai yanke ba: ya ja da baya, ya yi kusa da bango, ya karkace, ya manta dutse. Ɗigon ruwa na faɗowa daga ganyen mangwaro a ƙeyarsa. Can sai ya dasa ɗaya, ba a ce komai ba. Ya dasa na gaba, shiru. Ya ji wani daɗi ya kama shi, ya ce a ransa yau dai hannunsa ya faɗa. Ya dasa wani, ya gyara masa zama sosai, ya zauna a kan dugadugansa.

"To Baba, wannan fa? Ko shi ma da laifi?"

Ba amsa. Tanki na ɗiga. Ya ɗaga kai.

Auta na bakin taga, hannunta ɗaya a kan ƙarfen, ɗayan na riƙe da na mahaifinta. Fuskarta a jiƙe, amma a natse take.

"Yaya," ta ce a hankali, "shigo."

Ya shiga da taɓo a hannu da gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya ɓata tabarma, sannan ya manta da tabarmar ya ƙarasa. Tsohon na jingine yadda aka jingina shi, kansa ya ɗan karkata wajen taga, bakinsa kamar mai shirin faɗin wani abu na tsiya. Auta ta riga ta rufe masa ido.

"Yana kallonka ne," in ji ta. "Na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya yi numfashi ɗaya mai tsawo, ya yi salati, shi ke nan."

Maman Tagwaye ta shigo tana addu'a, ta rungume Auta. Mai Aski ya tsaya da hannayensa a buɗe, ya rasa inda zai sa su.

Kafin la'asar an kai Baba Direba makwancinsa. Mutane sun taru fiye da yadda aka zata: tsofaffin direbobi masu tafiya da sanda, tela, masu shagunan layin, da wasu da Mai Aski bai taɓa gani ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana shiga ana fita, ana Allah ya jiƙansa. Wani tsoho ya ba da labarin yadda marigayin ya taɓa jan motarsa da igiya har cikin gari yana zaginsa duk hanya, aka yi dariya, aka share ido.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin Mai Aski ya tuna da kwanon. Rabin dashen na ciki, in suka kwana a haka za su yi yaushi. Ya zame daga cikin mutane ya zaga ta bayan gida.

Ya tarar an riga shi. Auta na durƙushe a kan buhunsa da zanenta mai kyau, ta naɗe hannun riga, tana tona ƙasa da yatsu. Ta ɗago ta dube shi, ta matsa gefe ta ba shi rabin buhun. Ya durƙusa. Ita ta tona, shi ya sa, su biyu suka danna. Da suka kai kan na ƙarshe, Maman Tagwaye ta miƙo musu butar ruwa ta kan katanga, Auta ta zuba a hankali a gindin kowanne har ƙasar ta yi baƙi.

Suna nan durƙushe sai ganye ya motsa a gefen tsohuwar shukar. Wani ƙaton kwaɗo ya fito, ya yi tsalle ɗaya ya sauka a tsakiyar sabon wurin. Ya gyara zama a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya lumshe ido, ya yi lamo.